Katin Asibiti da Maganin da Jiki Ya Ƙi: Jawabi Ga Jama'a

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san tambayar nan da likita ko malamin asibiti yakan yi kafin ya ɗora alƙalami a kan takarda: "Akwai maganin da ba ya karɓarka?" Galibin mutane sukan ce babu, don a sallame su da wuri su kama gabansu. Waɗansu sukan ce akwai, amma da an nemi sunansa sai su ce wani kafso ne ja da baƙi, ko wata allura ce da aka yi musu tun suna yara. Shi kuma ma'aikaci, ga layin marasa lafiya har bakin ƙofa, sai ya rubuta abin da ya sawwaƙa, ko ya bar gurbin fili ya wuce. Maganar da wannan jawabi ya ƙunsa ita ce ta wannan gurbi, watau ɗan layin nan na katin asibiti inda ake rubuta maganin da jikin mutum ya ƙi, musamman magungunan kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ake kira antibayotik. Layin bai fi tsawon ɗan yatsa ba, amma ana rasa rai ta dalilinsa, in an bar shi fili, ko in an cika shi da abin da ba haka yake ba.

Garin Karshi ya isa misali. Tsohon gari ne mai sarauta, yana kudu maso gabashin birnin Abuja, dab da iyakar Jihar Nasarawa. Tun da aka kafa Birnin Tarayya a 1976, balle kuma bayan gwamnati ta tare a Abuja a 1991, garin ya cika da baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasar nan: ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, magina, direbobi da leburori. Akwai Babban Asibitin Karshi, akwai ƙananan asibitocin sha-ka-tafi a garuruwan kewaye, ga kuma masu kemis a kowace unguwa. Mutumin Karshi yana iya yankar kati a Babban Asibitin garin a wannan wata, wata mai zuwa ciwo ya kama shi a wurin aiki a kai shi Nyanya ko Asokoro, in abin ya yi tsanani a tura shi Asibitin Ƙasa da ke cikin birni, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Da salla kuma ya kwashi iyali a tafi gida Katsina ko Sakkwato. Duk wannan yawo da yake yi, fayil ɗinsa yana nan a kan kanta a ɗakin kati na Karshi. Abin da ke tafiya tare da shi sai abin da ya riƙe a ka, da abin da ke cikin aljihunsa. Haka abin yake a kowane gari mai tara baƙi.

Abin da ake nufi da illar magani

Jama'a sukan haɗa abubuwa dabam-dabam su kira su da suna ɗaya, su ce, "Maganin bai karɓe ni ba." A wurin likita kuwa maganar ta rarrabu, kuma a kan wannan rarrabuwa ake gina duk abin da za a rubuta.

Akwai damuwar da magani ya gada, wadda aka san yana kawo wa mutane da yawa ko da an sha shi bisa ƙa'ida. Mai shan Flagyl yakan ji ɗanɗanon ƙarfe a baki da tashin zuciya. Mai shan Augmentin yakan yi ɗan zawo. Mai tarin fuka da ke shan rifamfisin yakan ga fitsarinsa ya yi ja har ya firgita, alhali launin maganin ne kawai ke fita. Manya za su tuna ƙaiƙayin kulorokwin, wanda ya hana mutane barci a zamanin da shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, kafin a maye gurbinsa a 2005. Irin waɗannan ana rubuta su, amma sau da yawa ba su hana a sake ba mutum maganin in buƙata ta taso.

Borin jini na haƙiƙa dabam yake. A nan garkuwar jiki ce ke ɗaukar maganin tamkar abokin gaba, ta far masa, faɗan ya ƙare a kan mai jikin. Wani borin yakan zo nan take, daga 'yan mintoci zuwa kamar awa guda bayan sha ko allura. Fata ta yi rudu-rudu, ga ƙaiƙayi, leɓe da fatar ido su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jini ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suna kiran wannan anafilaksis. Maganinsa allurar adirenalin ce a tsokar cinya ba tare da jinkiri ba. Manja da madarar da akan ɗura wa mutum a gida ba su tsinana kome sai cin lokaci, har ma suna iya shaƙe wanda numfashinsa ya riga ya yi wuya.

Wani borin kuwa mai jinkiri ne, sai bayan kwanaki ko makonni yake bayyana, har mutum ya manta ya sha wani abu. Mai sauƙinsa ƙuraje ne kamar na ƙyanda. Akwai kuma wani baƙin tabo, zagayayye kamar kwabo, da kan fito a leɓe ko hannu ko al'aura, ya lafa, sa'an nan ya dawo daidai wurin da ya fito a dā duk ran da aka sake shan maganin. Septrin da Fansidar sun yi suna wajen kawo shi, amma mutane da yawa sukan ɗauka sammu ne ko ciwon sanyi, su yi ta neman magani a inda babu shi. Mafi muni shi ne ciwon da wasu likitocin Amurka biyu, Stevens da Johnson, suka bayyana a 1922, wanda har yau ake kira da sunansu. Yakan fara da zazzaɓi da jan ido da ciwon maƙogwaro, leɓe da cikin baki su yi gyambo, daga nan fata ta riƙa saluɓewa kamar an watsa wa mutum tafasasshen ruwa. In saluɓewar ta wuce kashi 30 bisa ɗari na fatar jiki, wajen mutum uku cikin goma ba su tashi, waɗanda suka tashi kuma waɗansunsu sukan rasa gani. Wanda magani ya taɓa yi wa haka, shi da wannan magani har abada.

Har wa yau akwai ɓarnar da magani kan yi wa wani sashe na jiki ba tare da garkuwar jiki ta shiga ba. Allurar jentamaisin da ta sitireftomaisin suna iya taɓa ƙoda, suna iya kurmantar da mutum, kurumtar da sau da yawa ba ta warkewa. Kuloramfenikol, wanda aka daɗe ana sha don zazzaɓin taifot, yakan sa ɓargon wani ya daina yin jini, ko da yake ba kasafai ba. Tetirasaikilin, kafso ja da rawaya, yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara takwas ba. Waɗansu mutane kuma, galibi maza, an haife su da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, abin da ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma waɗansu magunguna sukan farfasa musu ƙwayoyin jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi kamar shayin da ba madara.

Daga ƙarshe akwai kuskure: an sha fiye da kima, ko an ba yaro na babba, ko an sha maganin wani. Wannan ba laifin jiki ba ne, kuma hanyar rubuta shi dabam ce, kamar yadda bayani zai zo.

In an bar gurbin fili

Hatsarin farko shi ne a sake ba mutum abin da ya taɓa cutar da shi, kuma karo na biyu yana iya fin na farko tsanani. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne magani dangi gare shi, kuma kowane ɗaya yana da sunan asali da sunayen kasuwa barkatai. Amoxil da Ampiclox da Augmentin duk gidan fenisilin ne. Mutum yana iya rantsuwa cewa rabonsa da fenisilin shekara ashirin, alhali jiya ya sayi Ampiclox a kemis don wani maruru.

Gidan salfa ya fi wannan ruɗarwa, domin ya ratsa har cikin maganin zazzaɓin cizon sauro. Septrin maganin ƙwayoyin cuta ne, Fansidar na zazzaɓi ne, amma dukansu suna ɗauke da salfa. A ɗauki misalin macen da Septrin ya taɓa saluɓe wa leɓe tun tana budurwa a garinsu. Ta yi aure, ta tare a Karshi, ta sami juna biyu, ta je awon ciki. A wurin awo, daga wata na huɗu, akan ba masu ciki ƙwayoyi uku irin na Fansidar su haɗiye a gaban ma'aikaciya, don kare su da abin da ke cikinsu daga zazzaɓi. Tsari ne mai kyau da ya ceci rayuka masu yawa. Amma ga wannan mace guda ɗaya, in katinta bai faɗi kome ba, ita kuma ba ta san magungunan biyu 'yan gida ɗaya ne ba, alherin da aka nufe ta da shi zai iya zama ajalinta. Haka nan maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 da damina a jihohin Arewa, shi ma akwai salfa a cikinsa. Shi ya sa masu rabawa suke tambaya ko yaro ya taɓa samun matsala da magani, ko yana kan shan Septrin a lokacin. Tambayar ba ta cika baki ba ce, kuma ya kamata uwa ta tsaya ta yi tunani kafin ta amsa.

Tambarin da ba na gaskiya ba

Hatsari na biyu ba a cika maganarsa ba, amma ya fi na farko yawa. A Amurka, inda aka ƙididdige abin sosai, wajen mutum 10 cikin 100 suna cewa fenisilin ba ya karɓarsu, amma in aka gwada su sai a tarar waɗanda ke da borin na gaskiya ba su kai 1 cikin 100 ba. Har ma waɗanda suka taɓa yin borin nan take na haƙiƙa, wajen kashi 80 bisa ɗari nasu yakan bar su bayan shekara goma.

Yadda tambarin ƙarya ke samuwa ba shi da wuyar ganewa. Yaro ya yi zazzaɓi, an ba shi amoksisilin, bayan kwana uku ƙuraje suka feso. Ƙila cutar da ta kawo zazzaɓin ce ta fito da ƙurajen, kamar yadda cututtukan yara da yawa suke yi, amma sai a ɗora wa maganin. Wani ya rubuta a fayil da jan biro, wani ya kwafa, yaro ya girma ya zama magidanci yana faɗin abin da mahaifiyarsa ta gaya masa. Wani kuma zawo kawai ya yi, aka rubuta masa borin jini.

Abin da wannan ke jawowa ba kaɗan ba ne. Tun da aka gano fenisilin a Landan a 1928, har yau shi da danginsa suna cikin magunguna mafi inganci da araha ga ciwon huhu na yara, da ciwon maƙogwaro, da cututtukan fata da yawa. Mace mai ciki da ke da tunjere ba ta da wani tabbataccen magani mai kare jaririnta kamar allurar fenisilin. Yaron da zazzaɓin gaɓoɓi ya taɓa wa zuciya, allurar fenisilin ce ake yi masa a kai a kai shekara da shekaru. In kati ya rufe wannan ƙofa bisa kuskure, tilas likita ya koma ga magani mafi tsada, wanda sau da yawa bai kai na farko aiki ba, ya kuma fi shi illa. Bugu da ƙari, yawan amfani da manyan magunguna inda ƙanana za su wadatar yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma tun 2017 Nijeriya take da tsarin ƙasa na yaƙi da wannan matsala.

Lalle ne a fahimci abu ɗaya a nan. Likita ne kaɗai yake cire wannan tambari, bayan ya bi labarin dalla-dalla, wani lokaci ya gwada mutum da ɗan kaɗan na maganin a cikin asibiti, inda adirenalin ke kusa. Kada wani ya ji wannan jawabi ya ce bari ya gwada kansa a gida. Wanda kuma fatarsa ta taɓa saluɓewa, ba a gwada shi sam.

Yadda ya kamata a rubuta

Rubutu irin na "ba ya shan fenisilin" bai wadatar ba, domin bai gaya wa likita na gaba ko zawo aka yi ko suma ba. Rubutu mai amfani yana faɗin sunan maganin na asali tare da na kasuwa, da ciwon da aka ba da shi dominsa, da ko sha aka yi ko allura. Yana faɗin abin da aka gani da ido, da tsawon lokacin da ya wuce tsakanin shan maganin da bayyanar alamar, da abin da aka yi wa majiyyaci, da ko an kwantar da shi. Yana ɗauke da kwanan wata da sa hannun marubuci, kuma yana nuna ko ma'aikaci ne ya gani da idonsa ko labari aka ba shi. In an tambaya aka tarar babu kome, sai a rubuta cewa an tambaya babu, domin gurbin da ke fili ba ya bambanta wanda ba shi da matsala da wanda ba a tambaya ba.

Samun wannan bayani yana bukatar haƙuri da iya tambaya. Dattijo ba zai san sunan asali na magani ba, amma in aka ce masa, "Baba, da ka sha, nan take abin ya taso ko sai da aka kwana biyu? Numfashinka ya sarƙe? An kwantar da kai?" zai ba da amsar da ta fi sunan amfani. In aka ce wa uwa, "Hajiya, tun daga wancan lokaci yaron ya sake shan ruwan maganin nan da ake kaɗawa a kwalba?" ta ce ya sha har sau biyu lafiya lau, to, rabin binciken ya ƙare. Minti uku ne ko huɗu, kuma ba a kan kowane majiyyaci ba, sai wanda ya ce akwai.

Wurin rubutun ma abin lura ne. A bangon fayil ake sa shi inda ido zai fara sauka, da kan takardar magani ta wanda aka kwantar, da takardar sallama, da takardar tura majiyyaci wani asibiti. Asibitocin da suka koma ajiye bayani a kwamfuta suna da gurbi na musamman, kuma kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba sai in a cikin wannan gurbi aka shigar da bayanin. Kwamfutar wannan asibiti kuma ba lalle ne ta san abin da ke cikin ta wancan ba.

Lambobin ɗakin kati

Jama'a sun ɗauka aikin ɗakin kati bai wuce yankar kati da neman fayil ba. Alhali kuwa jami'an bayanan lafiya sana'a gare su mai rajista, da hukumar da aka kafa da doka tun 1989 don kula da horonsu. Cikin aikinsu akwai mayar da abin da likita ya rubuta zuwa lambobi, bisa wani littafi na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD, wanda ya ba kowace cuta da kowane sanadi lambarsa. Hukumar ta karɓi ragamar littafin a 1948. An amince da bugu na goma a 1990, kuma shi ne aka fi sani a ɗakunan kati. Na goma sha ɗaya ya fara aiki a 2022. Amfanin lamba shi ne ba ta da yare. Abin da aka rubuta a Karshi, ma'aikaci a Maraɗi ko Makka zai karanta ya gane.

A bugu na goma, wanda ya taɓa yin borin fenisilin a baya, amma yau wani abu dabam ya kawo shi, lambarsa Z88.0. In na salfa ne, Z88.2, in na sauran antibayotik ne, Z88.1. Waɗannan lambobin tarihi ne, gargaɗi ne ga na gaba. Wanda kuwa ya zo yau da illar a jikinsa, lamba biyu ake ba shi, ɗaya ta abin da ya same shi, ɗaya ta abin da ya jawo. Ƙurajen magani da suka game jiki L27.0 ne, tabon wuri ɗaya L27.1, ciwon Stevens da Johnson L51.1, anafilaksis daga maganin da aka bayar daidai T88.6, kurumtar magani H91.0. Sai a biyo da lambar mai laifi: Y40.0 in fenisilin ne, Y41.0 in salfa ne, Y40.5 in jentamaisin ne ko danginsa. Amma in kuskure aka yi, aka sha fiye da kima ko aka ba da maganin da ba shi ba, sai a koma rukunin guba, fenisilin ya zama T36.0. Bambancin yana da muhimmanci, domin wanda aka ba shi lambar guba bai zama mai borin jini ba, kuma gyaran da asibiti zai yi a kan kuskure dabam yake da wanda zai yi a kan bori.

Ga inda gizo ke saƙar. Jami'in ɗakin kati ba shi da ikon ƙaga abin da likita bai rubuta ba. In likita ya rubuta "ƙuraje" kawai, jami'i zai ba da R21, lambar ƙurajen da ba a san asalinsu ba, shi ke nan maganin ya ɓace daga lissafi. A ƙarshen shekara sai ƙididdiga ta nuna asibitin bai ga illar magani ko ɗaya ba, alhali an kwantar da mutane saboda ita. Saboda haka jami'in da ya ga rubutu mai harshen damo, daidai ne ya mayar da fayil ga likita ya nemi ƙarin bayani, kuma bai kamata likita ya ɗauki wannan a matsayin raini ba.

Takarda mai ruwan ɗorawa

Kati yana kare mutum ɗaya. Akwai kuma wata takarda da ke kare jama'a baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar wa mata masu ciki a ƙasashe da dama wani magani mai suna talidomaid don laulayi. Kafin a gane a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da dubu goma da nakasar hannuwa da ƙafafu. Likitoci da yawa sun ga jariri ɗaya ko biyu, amma babu inda ake tara labarin balle a ga yawansa. Wannan ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan illar magunguna a 1968, wanda tun 1978 cibiyarsa take birnin Uppsala na ƙasar Suwidin. Nijeriya ta shiga shirin a 2004, ta zama ƙasa ta 74, a shekarar da aka buɗe cibiyar ƙasa ta wannan aiki a ƙarƙashin hukumar NAFDAC. Akwai kuma cibiyoyin shiyya a manyan asibitocin koyarwa, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Maiduguri, da na Ilori.

Hanyar kai rahoto ita ce takardar nan mai ruwan ɗorawa da ake samu a asibitoci da ofisoshin NAFDAC, kuma daga 2020 an ƙara da manhajar wayar hannu mai suna Med Safety. Abu huɗu ne ba su da makawa a cikin rahoto: wanda abin ya sama, maganin da ake zargi, abin da ya faru, da mai kawo rahoton. In an sami lambar rukunin maganin da ke jikin kwali, ya fi kyau ƙwarai, domin da ita ake gane ko wani rukuni ne ya gurɓace ko jabu ne ya shigo kasuwa. Ba a bukatar tabbaci, zato ya isa; tantancewa aikin masana ne. Likita, da nas, da ungozoma, da mai harhaɗa magunguna, da mai kemis, har da majiyyaci da kansa, kowa yana da damar cikawa.

Matsalar ita ce ba a cikawa, kuma ba a nan kaɗai ba. Wani nazari da aka buga a 2006, wanda ya tattara bincike 37 daga ƙasashe 12, ya nuna cewa wajen kashi 94 bisa ɗari na illolin magani ba a kai rahotonsu. Wani ma'aikaci aiki ne ya yi masa yawa, wani yana ganin abin sananne ne ba sai an faɗa ba, wani kuma tsoro yake ji kada a ce shi ya yi laifi. Ya kamata a san cewa cika takardar ba amsa laifi ba ne, kuma baƙaƙen farko na sunan majiyyaci sun isa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan wanda ya zo neman magani, ta kuma wajabta riƙe sirrinsa. Rahotannin ƙasashen Afirka suna da daraja ta musamman, domin yawancin magunguna a waɗansu nahiyoyi aka fara gwada su, a kan mutanen da jininsu da cimarsu da cututtukansu suka bambanta da na nan.

Abin da ya rage ga magidanta

Tun da fayil ba ya bin mutum, tilas mutum ya riƙe nasa. Duk wanda magani ya yi wa illa, kafin ya bar asibiti ya roƙi a rubuta masa a 'yar takarda sunan maganin na asali, da danginsa da zai guje wa, da abin da ya faru, da kwanan wata, da hatimin asibiti. Ya ajiye ta tare da katin shaidarsa, ya ɗauki hotonta a waya. Maigida ya san na matarsa, mata ta san na mijinta, domin wanda aka kawo a sume ba ya ba da labari. Yaron da za a kai makarantar kwana ko ta allo a wani gari, a sanar da malaminsa. Maniyyaci ya faɗa wa likitocin alhazai tun a wurin gwaji. A faɗa wa mai cire haƙori, a faɗa wa ungozoma, a faɗa wa mai kemis tun kafin ya miƙa hannu kan kanta. Lasisin mai kemis bai ba shi izinin yin allura ba, kuma allurar fenisilin a wurin da babu adirenalin ganganci ne. In ana shan maganin gargajiya tare da na asibiti, shi ma a faɗa, kada a ji kunya, domin ba a iya gane mai laifi sai an san duk abin da ya shiga ciki.

Wanda ya ga kumburin leɓe ko harshe, ko sarƙewar numfashi, ko jiri mai kayarwa bayan shan magani, a nufi asibiti mafi kusa da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Wanda ya ga ƙuraje tare da zazzaɓi da jan ido ko gyambon baki, ya dakatar da maganin ya ga likita a ranar. Mai shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki da ya ga 'yar damuwa mai sauƙi, kada ya yanke shan magani da kansa, ya koma wurin da ake ba shi a duba. A kowane hali a tafi da kwalin maganin, ko kwalbar, ko ledar da aka ƙulla shi a ciki, ko da saura ƙwaya ɗaya ce, domin a jikinta ne za a karanta sunan da za a rubuta a kati da lambar da za a aika wa NAFDAC.